Bakansin Rabo a Tsakiyar Marka

A Tama babu wanda bai san Rabo Poroje ba, kuma ba don an nemi saninsa ba ne, shi ke kai kansa. Shekarun baya ya yi aiki a Keita a wani poroje, wato shirin wasu annasara masu dashen itatuwa. In shi ka tambaya, shi ne shef, wato shugaba, na duk kayan tafiyarsu. In ka tambayi waɗanda suka je Keita suka gan shi da idonsu, mota yake wankewa, in an fita daji ya riƙe butar shayi. Da aikin ya ƙare annasara suka kwashe nasu ya nasu, suka bar masa hula mai baki da wata doguwar jaka koriya. A cikin jakar nan akwai tanti. Ya cusa ta ƙarƙashin gado, ɓeraye suka riga shi shiga.

Abin da ya tayar da jakar daga barci garka ce. Surukarsa Inna Lalla, uwar matarsa Mairamu, tana da garkar albasa a fadamar Majiya, da rijiya a ciki wadda ko a bazara ba ta ƙafewa. Gwiwoyin tsohuwa sun gaji, sai ta ce da kaka za ta danƙa garkar ga ɗaya daga cikin mazan 'ya'yanta biyu, ya noma, ya ci, ya ciyar da ita. Wanda duk ya samu garkar nan ya rabu da tafiya ci-rani har abada. Ɗaya surukin shi ne Alƙasim, mijin yayar Mairamu, mutum marar hayaniya, wanda kullum yana hanyar gidan Inna, yau da itace, gobe da gyaran indararo. Rabo kuwa gonarsa ta fi kama da filin ƙwallo, abin da ya fi nomawa shi ne baki.

"Itace! Indararo!" in ji Rabo a fada, majalisar hirar abokansa, yana kurɓar shayin da ba shi ya sayi sukarinsa ba. "Wanga aikin yara na. Ni bakansi za ni kai tsohuwa."

Ɗanasabe, taubashinsa, wanda Allah ya halitta musamman don ya hana Rabo shan iska, ya ajiye kofi.

"Mi ake nuhi da bakansi?"

"Hutu. Ka bar gida, ka tahi daji da iyali, ka kahwa tanti, ku ci, ku sha iska. Haka annasara ka yi."

"Ka bar ɗaki da ruhi nai lahiya lau, ba gobara, ba wanda ya kore ka, ka tahi ka zamna daji?"

"Wala, yawwa! Ka gane."

"Mu nan wanda ya yi haka malamai ake kira mai. Kuma cikin marka, Rabo? Kwaɗi ma yanzu tudu suke nema."

Rabo ya zaro wayarsa ya nuna wa fada hoton rana, rawaya, tana murmushi. Ya ce meteyo ce, mai hasashen yanayi, kuma meteyo ba ta ƙarya. Ya ce ko da ruwa ya zo, tantin nan an yi shi ne don ƙasar da ƙanƙara ke zuba, ɗigo ɗaya ba ya ratsa shi. Ya zaɓi ranar kasuwar Tama, ya kuma zaɓi bakin mashigin ƙorama inda 'yan kasuwa ke ƙetarewa, don kada wani ya ce bai gani ba. Wannan kam Allah ya amsa masa.

Akwai abu guda da ya kamata a riƙe, tunda shi Rabo bai riƙe ba. Duk iya shegensa, yana da kunyar suruka irin ta gidan da ya fito. Bai taɓa haɗa ido da Inna Lalla ba, bai taɓa kai loma baki a gabanta ba, ko rumfa ɗaya ba su zama. Ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "mijinki". In magana ta kama, Mairamu ce gada, ko da su ukun suna tsaye wuri ɗaya. Haka gayyatar ta tafi. Rabo ya tsuguna a ƙofar gida ba takalmi, Mairamu ta shiga ta fito.

"Ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya gudu daga ɗaki da gangan ba. Za ta zo ta gani."

"Kin ji ko? Ta yaba."

"Malam, ni ban ji yabo ba."

Da hantsi amalanken jakin Ɗanasabe ya kwashe su: Inna a kan tabarma da ƙullin goronta, Mairamu da tukunya da buhun hatsi, yara biyu, da koriyar jaka. Rabo ya bi su a ƙasa, don ba ya hawa abu ɗaya da suruka. Ɗanasabe ya sauke su a kan tudun da ke bakin mashigi, ya ɗaure jaki a gindin aduwa, ya shimfiɗa buhu ya zauna. Rabo ya ce ai yana iya tafiya. Ɗanasabe ya ce ko kasuwa ta ƙone ba ya motsawa daga nan.

Aka zazzage jaka. Kashin ɓera ya fara fitowa, sannan tanti, sannan turakun ƙarfe. Sandar tsakiya ba ta fito ba. Rabo ya girgiza jakar, ya leƙa ciki, ya sa hannu har kafaɗa.

"Wata doguwar sanda mai gaɓa-gaɓa?" in ji Mairamu. "Ita muka kaɗa mangwaro da ita tun bara waccan. Ta karye."

Rabo ya haɗiye abin da ya zo masa baki, saboda Inna na kusa. Ya ce zero furoblem, shef ba ya rasa dabara. Aka aiki Ɗanasabe wata tunga da ke kusa ya aro taɓarya, ya dawo da ita tare da matar da ta ba da aron da maƙwabtanta, don sun ce su ma suna son ganin abin da za a daka a daji.

Ƙasar Adar kuwa ba ta san shef ba. Tudun nan dutse ne lulluɓe da ɗan jan turɓaya. Turken farko ya lanƙwashe, na biyu ya yi tsalle ya sami jaki a gindi, na uku Rabo ya auna shi da dutse ya sami babban yatsansa. Ba a ihu a gaban suruka. Ya cusa yatsan a hammata, ya zagaya tanti da sauri yana huci ta hanci, idonsa ya kawo ruwa.

"Wagga rawar kahwa tanti ta?" in ji Ɗanasabe. "Ko a kira makaɗi?"

A nan ne idon Rabo ya faɗa kan yashin da ke ƙasa, cikin gefen ƙorama, fari tas, mai laushi, ba dutse ko ɗaya. Ya ce ai dama can ya nufa, nan gwaji ne. Matan tunga suka dubi juna. Inna Lalla ta ɗaga kai ta dubi wata bagaruwa da ke bakin yashin, inda karare da tsummoki suka maƙale a rassa, sama da tsayin mutum.

"Mairamu, tambayi mijinki, wa ya rataya sharag ga bisa icce?"

"Gaya wa Inna iska ta," in ji Rabo, kansa a ƙasa.

"Ya ce iska ta, Inna."

"To. Iskar bara ta iya iyo."

Tsohuwa gani ta zo yi. Ta dai ce wa Mairamu a bar buhun hatsi da tabarmar salla a kan amalanke, aka kama ta aka gangara da ita a hankali.

A yashi turaku suka shige kamar an tsoma su a tuwo, abin da ya kamata ya ba mai hankali tsoro, amma Rabo ya ce wala. Taɓarya ta tsaya a tsakiya. Igiyar kusurwa ɗaya ɓeraye sun cinye ta, sai ya zagaya bayan tanti inda Inna ba ta ganinsa, ya zare mazagin wandonsa ya ɗaure da shi, ya naɗe bakin wandon ya soke a ƙugu. Tanti ya miƙe, ya karkace gefe ɗaya kamar tsohon rumbu, amma ya miƙe. Rabo ya gyara hula, ya zuge zif sama, ya zuge ƙasa, ya sake zugewa don masu wucewa kasuwa su ji ƙararsa. Ya sa Mairamu ta gaya wa Inna cewa in aka ja wannan, ko sauro sai ya nemi izini.

Abincin bakansi shi ne makaroni da sardin a kan rishon gas. Gas ɗin ya yi tsaki sau ɗaya ya mutu, don shi ma tun zamanin annasara yake. Mairamu ta jera duwatsu uku ta hura wuta kamar yadda take yi a gida, sai dai a gida itacen busasshe ne. Da abinci ya nuna Inna ta ɗanɗana, ta ce a miƙo mata furarta. Rabo, wanda bai karya ba tun safe, ya ɗauki kwanonsa ya nemi inda suruka ba za ta gan shi ba. A fili irin wannan babu. Ya je bayan bagaruwa, ga 'yan kasuwa. Ya hau tudu, ga Ɗanasabe da matan tunga. Yana cikin yawo da kwano gabas ta haɗe, ta yi baƙi ƙirin daga wajen duwatsun Buza.

"Rabo, duba wayarka," in ji Ɗanasabe. "Ko rana na nan tana dariya?"

"Hadarin Buza na, ba namu ba. Meteyo Tama ta ce."

"Shi ruwan Buza in ya sauka, a mota shika wucewa Madawa? Ba ta wagga ƙorama shika bi ba?"

Iska ta fara isowa, ta zuba wa makaronin yashi. Ruwa ya biyo ta. Mairamu ta tura yara cikin tanti, ta shiga, Inna dama tana ciki. Rabo ya sheƙo da gudu ya durƙusa zai kutsa kai, sai ya ga tafin ƙafar surukarsa. Ya tsaya cak. Sai a lokacin ya tuna, bayan duk shirin da ya yi, cewa tanti ɗaki ɗaya ne.

"Malam, shigo mana!"

"A'a, ni... shef waje shika tsayawa. Kontrol." Ya ja zif ya rufe su.

Abin da ya biyo baya, mutanen Tama har yau ba su gaji da ba da shi ba. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, Rabo a waje, yana gudu daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya danne wannan turke da ƙafa, wancan ya tumɓuke. Ya koma wancan, wannan ya fito. Hannu ɗaya na riƙe da igiya, ɗaya na riƙe da wando. Hular annasara ta tashi ta nufi yamma ba sallama. A ciki kuwa, aikin ɓeraye ya bayyana, kowace huda ta zama indararo.

"Mairamu," muryar Inna ta fito ta cikin ƙyalle, tazararsu da kunnen Rabo ba ta kai kamu ɗaya ba, "gaya wa mijinki ɗigon da ya ce ba shi shigowa ya shigo, ya kira 'yan'uwa nai."

"Gaya wa Inna zuhwar tanti ta! Haka sabon tanti ka yi!"

"Inna, ya ce ki yi haƙuri."

"Ba haka na ce ba!"

"Haka ya kamata ka ce."

"Gaya mai na kihe tukunya bisa kaina," in ji Inna. "In shina da wata dabara ta annasara, yanzu a lokacinta."

'Yan kasuwa da ruwa ya koro suka taru a kan tudu, ƙarƙashin aduwa da amalanke da buhuna, don babu mai hankalin da ke shiga mashigi bayan hadarin Buza. Ana jira a ga abin da ƙorama za ta yi. Tun da ga abin kallo kyauta, jiran bai yi wa kowa tsawo ba. Cikinsu har da Alƙasim, da laima baƙa da sabon takalmi. Ɗanasabe ya yi ta ƙwala kira a fito, Rabo ya ɗaga masa hannu alamar komai lafiya, wando ya zame, ya cafke.

Inna ce ta fara ji. Tsohuwar da ta yi rayuwarta a fadama ba ta bukatar waya. Wani gurnani ne daga sama, kamar manyan motoci a jere.

"Ku hita! Ruwa ya taho!"

Wannan karon ba ta ce a gaya wa kowa ba. Mairamu ta ja zif. Zif ya ci yashi, ya ciji ƙyalle, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Rabo ya ja daga waje, kan zif ɗin ya tsinke ya zauna a hannunsa. Yara suka fasa kuka.

"A hankali!" in ji Rabo. "Akwai yadda aka buɗe shi, kada a..."

Wuƙar yanka albasa ta fito ta tsakiyar tanti, ta tsaga shi daga sama har ƙasa. Mairamu ta fito da yaro ɗaya a kafaɗa, ɗaya a hannu, ta wuce mijinta kamar ba ta taɓa ganinsa ba, ta haye tudu. Taɓarya ta faɗi, tanti ya rufta. Ruwan farko ya iso, ja, da kumfa da karare, ya kai idon sawu.

Inna Lalla ta rarrafo daga cikin ƙyallen da tukunya a kai. Ta yunƙura, gwiwa ta ƙi. Daga kan tudu ana ta ihu a ɗauko tsohuwa. Ɗanasabe ya gangaro, santsi ya kwashe shi ya zauna a laka. Alƙasim ya zo har bakin gangare, ya dubi ruwa, ya dubi takalminsa, ya miƙo laima iyakar tsawon hannunsa. Ruwa ya kai ƙwauri.

Rabo ya waiwaya neman Mairamu ta isar da saƙo, babu Mairamu. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda ba ya barin wurin kunya. Ya juya wa surukarsa baya ya durƙusa a cikin ruwa. Tsohuwa ta kama wuyansa, ya tallabe ta da hannu biyu ya miƙe.

Da hannu biyu. Ya yi taku kaɗan ya ji naɗin ƙugu ya warware. Ruwa ya kai gwiwa yana ja. In ya saki hannu ɗaya tsohuwa ta tafi, in bai saki ba wando ya tafi, ga rabin kasuwar Tama a kan tudu, wasu har sun ɗaga waya. A gaskiya, ko ni da ba na raga masa, a nan na tausaya masa. Ya rufe ido, ya zare ƙafa ɗaya, ya zare ɗayar. Wando ya bi tanti, tanti ya bi taɓarya, duk suka nufi Madawa. Rabo ya hau tudu da 'yar riga jiƙaƙƙiya iya gwiwa, surukarsa a baya, tukunya a kanta.

Ya sauke ta a kan amalanke, aka tabbata kowa da ransa. Sannan tudu ya fashe. Wata mai tallan ƙuli ta yi dariya har ta zubar da faranti. Mai taɓarya kaɗai ce ba ta dariya, tana tambayar wa zai ba ta abin daka.

"Rabo," in ji Ɗanasabe yana share laka, "wanga shi a ƙarshen bakansi, ko akwai saura?"

Rabo ya tsuguna ya ja riga ya rufe gwiwa, ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Mairamu, gaya wa Inna..."

"Rabo."

Babu wanda ya taɓa jin sunan nan a bakin Inna Lalla. Ta sauke tukunya daga kai, ta dube shi ido cikin ido.

"Bar wahal da ɗiyata. Wanda na hau baya nai, ba sauran gada tsakaninmu. Ga jama'a, gara in yi maganag garka yanzu in huta."

Alƙasim ya matso da laima ya rufe mata kai. Ta ture sandar da yatsa.

"Kai ka kai min itace, Allah shi yi albarka. Amma na ga takalminka ya hi ni tsada. Kai kuwa Rabo, ka zaɓe ni ka bar wando, ba ni mantawa. Sai dai kai ka sa ni cikin ruwan. Mai kahwa ɗaki cikin ƙorama, in na ba shi rijiya, cikinta za shi shuka albasa. Garka ta wadda ta yanka tanti ta. Mairamu, ki riƙe."

Mairamu, wadda har lokacin wuƙar na soke a zanenta, ta ce to.

"Inna, ni hwa?" in ji Rabo, karo na farko da ya yi mata magana kai tsaye, muryarsa ta fito 'yar ƙarama.

"Kai kana son kwanan daji. Awaki na shiga garka da rani. Ka yi gadi."

Bayan ruwa ya janye aka tsinci tanti can ƙasa, a maƙale a kan wata bagaruwa, sama da tsayin mutum. Wandon ba a gan shi ba. Da rani Rabo ya ɗaura abin da ya rage na ƙyallen a kan sanduna huɗu a bakin garka, ya gaya wa fada an naɗa shi shef na sekurite. Mairamu ke ba da umarni, shi ke korar awaki, albasa ta yi kyau. Abu ɗaya ne ya kasa sabawa da shi. Tun da kunya ta faɗi, Inna Lalla ba ta sake neman ɗan aike ba. Duk ranar da aka kawo ta duba garka a kan amalanke, tun daga nesa, masu ban ruwa na ji, take ɗaga murya.

"Rabo! Ɗaure wando, ga ni nan tahe!"